Kwana da yara a otal mai wurin wasan ruwa a rufe: hutu ne ko wahala?

Maman 'Yan Biyu:
Salam jama'a, dan Allah masu gogewa ku taimaka min da shawara. Maigida ya ce hutun nan mu kai yara irin otal ɗin nan da ke da wurin wasan ruwa a cikin gini, wanda aka rufe shi ruf ana ɗumama shi ko da sanyi ake zubawa a waje. Babbar shekararta 9, 'yan biyun kuma 4, babu wanda ya iya iyo sai ita babbar, ita ma ɗan kaɗan-kaɗan. Ni dai a raina na ce shikenan in samu kujera in miƙe ƙafa su kuma su yi ta wasansu tunda an ce akwai masu ceto ko ta ina. To amma kuɗin ba kaɗan ba ne shi ya sa nake son ji daga bakin waɗanda suka taɓa zuwa, ya ci kuɗinsa kuwa? kwana nawa ya kamata? me ake tafiya da shi?

Baban Yara:
Hhhhh miƙe ƙafa? Maman 'Yan Biyu ki cire wannan a ranki tun yanzu. Da 'yan shekara 4 har biyu kujerar nan sai dai jakarki ta zauna a kai, ke kina cikin ruwa har gwiwa daga safe har yamma. Wurin yana da daɗi ba ƙarya, yara ba sa mantawa da shi, amma hutun nasu ne ba naki ba.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da maganar masu ceton nan dan ita ce ta ɗaga min hankali. Eh suna nan, kuma a wurare masu kyau za ki ga ba sa zama ma, suna ta kai da komo a bakin ruwa suna juya kai, ana canza su lokaci-lokaci dan kar ido ya gaji. Amma mutum ɗaya ne yake kallon yara masu ɗimbin yawa, aikinsa ya ciro wanda ya nitse, ba raino aka ɗauke shi ba. Kuma yaro in yana nitsewa ba ya ihu ba ya ɗaga hannu yadda ake nunawa a fim, shiru yake yi, baki yana shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin da zai kira ki da shi, ki juya ki amsa waya kafin ki waigo an gama. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a can nitsewa ce ta fi kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4. Likitocin yara shawararsu ɗaya ce, ƙaramin yaron da bai iya iyo ba kar ya wuce inda hannunki zai kai gare shi. Ba inda idonki zai kai ba fa, hannu.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi Anti kin sa jikina ya yi sanyi. To ba akwai wannan balan-balan ɗin da ake hurawa a sa musu a damtse ba? na riga na saya musu

Anti Nas:
Wannan kayan wasa ne ƙanwata, yana iya sacewa ko ya zame daga hannu in yaro ya ɗaga hannuwa sama. Rigar ceto ta gaske za ki sa musu, mai maɗauri. Yawancin wuraren nan suna ajiye su a rataye kusa da ƙofa, kyauta ake ara, sai dai in kin makara ƙananan sun ƙare. Ki gwada ta haka: ki ɗaure, ki kama kafaɗun rigar ki ja sama, in ta haura har kunnen yaro to ta yi masa yawa ki canza. Ku raba aiki ke da maigida, kowa ya san wane yaro ne nasa, ku faɗa da baki. Matsala tana faruwa ne lokacin da kowa yake zaton ɗayan ne ke kallo.

Kawu Mai Lissafi:
Ni kuma ta wani gefe zan zo muku. A gani na asarar kuɗi ce tsagwaronta, ku yi haƙuri. Kuɗin ɗakin da kika gani a intanet ba shi ne kuɗin ba. In kin zo biya za ki ga an ɗora haraji, an ɗora wani caji da suke kira na hidimar wuri, wasu har fakin ɗin mota sai kin biya, loka ta ajiye kaya ma haya ce. Sannan wayon da ya fi ci min rai shi ne abin hannun nan. Suna ɗaura wa kowa wani awarwaron roba, shi ne tikitin shiga ruwa, shi ne makullin ɗaki, kuma a wurare da yawa an haɗa shi da katin bankinka, kana ɗora hannu a kan na'ura an cire kuɗi. Mutum yana jiƙe, ba walat a jikinsa, bai ga kuɗi sun fita ba, sai ranar tafiya a miƙo maka takarda ka tsaya kana kallonta. Kuma ku lura da yadda aka gina wurin, daga ɗakinka zuwa ruwa dole ka ratsa ta wurin wasannin kwamfuta da shagon 'yar tsana da na alawa, fitilu suna walƙiya, yaro yana jan rigarka. Ba kuskure ba ne, da gangan aka tsara.

Ɗan Auta:
Kawu ai kai ko aljanna aka kai ka sai ka tambayi risit 😂

Kawu Mai Lissafi:
Ɗan Auta bari ka yi aure ka haifi uku sai mu yi wannan maganar.

Baban Yara:
Kawu gaskiyarka a kan cajin ɓoye amma ban yarda asara ce ba. Ka lissafa ɗaya gefen mana tunda lissafi ne sana'arka. A irin waɗannan otal kuɗin shiga ruwa yana cikin kuɗin ɗaki na duk wanda aka rubuta sunansa, kuma yawancinsu suna barinka ka shiga ruwa tun da rana ranar da ka iso tun kafin a ba ka ɗaki, ranar tafiya ma ka fitar da kaya ka sa a mota ka koma ruwa har a tashi. Kenan ka biya dare ɗaya ka ci wasan yini biyu. Abin da ya fi min komai kuma shi ne ɗakin yana nan sama, yaro ya gaji ya fara rigima ka naɗe shi a tawul ka hau lifta ka kwantar da shi, ya tashi ku koma. Wanda ya taɓa tuƙa mota mai nisa da jiƙaƙƙun yara masu jin yunwa a baya ya san darajar wannan. Shi kuma awarwaron, ka ce musu a wurin karɓar baƙi kar su haɗa na yara da kati, ko naka ma in ka ga dama, ba dole ba ne.

Kawu Mai Lissafi:
To na ji, amma a je ranar aiki ba ƙarshen mako ba, ba kuma tsakiyar hutun makaranta ba, dan farashin ɗaki ɗaya hawa da sauka yake yi gwargwadon cunkoso. Kuma a tambaya ko ɗakin yana da ƙaramin firji, a taho da abin karyawa da abin taɓawa daga gida a ci a ɗaki. Yawanci ba sa bari a shiga da abincin waje cikin wurin ruwan, nasu kuma tsada ga layi.

Maman 'Yan Biyu:
Kawu ai matsalar kenan, babbar tana makaranta, in ba hutu ba yaushe za mu je

Uwar Gida:
Ki nemi daren Lahadi ko tsakiyar mako a cikin hutun, da ɗan sauƙi. Ni shawarata dare ɗaya ko biyu, kar ki wuce haka. Rana ta uku yara sun gama hawa komai, fatarsu ta bushe, ido ya yi ja, daga nan hankalinsu ke komawa kan kayan da Kawu yake faɗa masu cin kuɗi.

Sai abu mafi muhimmanci da ba wanda ya faɗa, ki auna tsayin yaranki kafin ku tafi. Ba shekaru suke dubawa ba, tsayi ne. Manyan bututun zamiya yawanci sai yaro ya kai inci 48, wato wajen santimita 122, matsakaita kuma inci 42, wajen santimita 107. Akwai sandar awo a gindin matakala kuma ba a roƙo, ko da yatsa ɗaya ya rage ba za su bari ba. Na ga wani yaro ya bi layi ya hau matakalar nan har sama yana rawar ɗoki, aka auna shi aka ce ya sauko, kukan da ya yi har ƙasa ana ji. Ki gaya wa 'yan biyun tun a gida cewa nasu wurin daban ne, mai ruwa iya idon sawu da ƙananan zamiya da famfunan da ke feso ruwa daga ƙasa, in sun san da haka ba za su sa rai ba. Ita babbar kuma wasu zamiyar a kan tayar roba ake hawa mutum biyu ko huɗu, tana buƙatar babba ya raka ta, to kin ga in baban ya tafi da ita ke kaɗai ce da biyu. In akwai ƙanwarki ko wata babba da za ta bi ku wlh ku tafi da ita.

Ɗan Auta:
Ni a ɗauke ni, na iya raino 🙋🏾‍♂️ Amma da gaske ku yi hattara da ƙaton bokitin nan da ke saman gidan wasan yara. Yana cika a hankali, in ya kusa sai ƙararrawa ta fara bugawa, manyan yara su ruga su tsaya a ƙarƙashi, sai ya kife gaba ɗaya. Ruwan yana da ƙarfin da zai kayar da ɗan shekara 4, in ya tsorata a ranar farko shikenan ba zai ƙara yarda ya matso ba. Haka kwamin igiyar ruwa, za ki gan shi lumui kamar ba komai, sai a busa wani abu igiya ta taso, manya a kan tayoyi suna ta karo da juna, ƙaramin yaro yana iya shigewa ƙarƙashinsu ba a gani ba. In kin ji ƙarar ki ja su baya zuwa bakin gaɓa.

Hajiya Babba:
Sannunku 'ya'yana. Ni jikoki na raka, ban shiga ruwa ba, dan haka zan faɗa muku abin da mai zama yake gani. Na farko ƙara. Rufaffen gini ne, ruwa yana zuba, yara suna ihu, ana busa usur, ga kiɗa, duk yana dukan rufi yana dawowa, kamar ka zauna a ɗakin injin niƙa. Kiran yaro da baki ba ya aiki sam. Ku sa musu kayan wanka masu kala mai ƙarfi, ruwan lemo ko ja ko ɗorawa mai haske, dan shuɗi da fari suna ɓacewa a cikin ruwa. Ku nuna musu wuri ɗaya da za a haɗu in an rabu. Na biyu zafi da gumi, ko ba ki taɓa ruwa ba za ki jiƙe, kaya masu nauyi ba naki ba ne a wurin, ki riƙe ruwan sha. Na uku kujeru, in ba ki sauko da wuri ba duk an shimfiɗa tawul a kansu an kama, mutanen kuma ba sa dawowa sai yamma.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Hajiya Allah ya ƙara girma. To maganar kaya fa, ni ba na son ƙananan kayan wankan nan, za su bar ni in shiga da doguwar riga da wando?

Uwar Gida:
Za su bari in dai na wanka ne, akwai masu dogon hannu da dogon wando da aka yi da yadin iyo, mutane da yawa suna sawa. Abin da suke hanawa a kan zamiya shi ne mai zif ko maɓallin ƙarfe dan yana kankare bututun, da kaya masu faɗi da za su iya maƙalewa. Auduga kuma tana shan ruwa ta yi nauyi. Amma ki duba dokar wurin da za ku je ko ki kira su, kowa da tsarinsa. Ki tafi da kaya biyu-biyu, dan jiƙaƙƙen kaya ba ya bushewa a ɗakin otal kafin safe kuma ba abin da yaro ya tsana irin a sa masa shi da sanyinsa. Silifas mai kama ƙasa, leda ta jiƙaƙƙun kaya, man shafawa. Tawul suna bayarwa, sai dai wasu suna ƙirgawa, in ba ki mayar ba su caje ki.

Injiniya:
Na shigo a makare. Kawu, abin da kake ƙorafi a kai asalin sana'ar kenan ai. Garin Wisconsin Dells a Amurka da bazara yake cika da baƙi, in sanyi ya shigo otal-otal su zama kango. A 1994 wani otal mai suna Polynesian ya gina wurin wasan ruwa a cikin gini, sai ga ɗakuna suna cika a tsakiyar ƙanƙara, sauran suka bi sahu, a garin ne manyan otal-otal irin wannan, Great Wolf Lodge da Kalahari, suka fara. Kenan tun farko ruwan ƙugiya ce ta sayar da ɗaki. Kafin su ma akwai na cikin katafariyar kasuwar zamani ta West Edmonton Mall a Kanada tun 1986. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Tropical Islands a Jamus, kudu da Berlin, ginin an yi shi ne dan ƙera wani ƙaton jirgin balan-balan na dakon kaya, kamfanin ya karye a 2002, aka mayar da shi wurin wasan ruwa a 2004. Tsawonsa mita 360, faɗi 210, tsayi 107, har tanti ake kwana a ciki. Ku yi tunanin wutar da ake ƙonawa a riƙe wuri irin wannan da ɗumi dare da rana, Great Wolf ma suna tallar cewa nasu yana kan digiri 84 a ma'aunin Amurka, wajen 29 kenan a namu, duk shekara. Wani ne zai biya kuɗin wutar nan, kuma kai ne Kawu.

Kawu Mai Lissafi:
Ka ga ko, ka ƙara min hujja.

Ɗan Auta:
Ni dai abin da nake so da wurin ƙamshin kulorin ɗin nan da ake zuba wa ruwan, kana shiga ka san wuri ne mai tsafta

Anti Nas:
Ɗan Auta ashe yau zan ɓata maka rai. Ruwa ba ya tsami banza. Ruwan da kulorin ɗinsa yake daidai ba ya wari sosai. Wannan warin mai hawa kai yana fitowa ne in kulorin ya haɗu da fitsari da gumi da dattin jiki, sai ya zama wani sinadari da ake kira kuloramin, shi ne mai sa ido ja da tari. Kuma duk kulorin ɗin da ya tafi wajen wannan ya rage wanda zai kashe ƙwayoyin cuta.

Ɗan Auta:
Anti dan Allah ki bari 😭 na sha ruwan nan ya fi a ƙirga

Injiniya:
Gaskiya ta faɗa, kuma a rufaffen wuri ya fi muni dan iskar kuloramin ɗin tana da nauyi, tana kwanciya a saman ruwa daidai inda hancin yara yake, ga zamiya da feshi suna ta tayar da ita. Shi ya sa rabin aikin irin wannan gini na'urorin shigo da sabuwar iska ne. In kun shiga kun ji ido yana yaji tun daga bakin ƙofa to ba a kula da wurin yadda ya kamata. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa kusa, kar a bar shi a ɗaki.

Anti Nas:
Ƙari a kan haka, akwai wata ƙwayar cuta mai sa gudawa, kirifto, wadda kulorin ba ya kashe ta da wuri, tana iya fin kwana 7 da rai a cikin ruwan da aka sa wa magani daidai. Dan haka yaro mai gudawa ba ya shiga ruwa ko da an riga an biya kuɗi, in kuma likita ya ce kirifto ce sai an yi sati 2 bayan gudawar ta tsaya. Famfas ɗin wanka ba ya riƙe zawo, kar a yaudari kai. Duk awa ɗaya ki fito da su ki kai su banɗaki ko sun ce ba sa ji, dan yaro ba zai bar wasa ya ce miki yana jin fitsari ba. A watsa ruwa kafin a shiga, a yi wanka da sabulu bayan an fito, a tsane kunne da kyau saboda ciwon kunne. Ki hana su haɗiyar ruwan. Kwamin ruwan zafi kuma ba na 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne, jikinsu yana ɗaukar zafi da sauri. Mai ciki ma ba ta hawa zamiya, za ki ga an rubuta a allo.

Baban Yara:
Anti kar ki kore ta gaba ɗaya mana hhh. Maman 'Yan Biyu ki je abinki. Dabarata ita ce a sauko ana buɗewa, a fara da manyan zamiya kafin layi ya yi tsawo, da rana in wuri ya cika a hau sama a ci abinci a yi barci, a dawo da yamma lokacin da wasu suka tafi cin abincin dare. Akwai kuma wani rafi da aka yi shi zagaye, ruwan yana tura ki a hankali kina kan taya, ki tambaya ko za su bari ki ɗora ɗaya a cinya da rigar cetonsa baban ya ɗauki ɗaya, nan ne kaɗai za ki ɗan ji abin da ya yi kama da miƙe ƙafar da kike nema. In za ki zaɓi ɗaki kar ki karɓi na kusa da lifta ko wanda ke kallon harabar tsakiya, yara suna guje-guje a baranda har dare.

Kawu Mai Lissafi:
Ni har yanzu ina kan bakana, da kuɗin a sa 'yan biyun nan a ajin koyon iyo ya fi musu amfani.

Anti Nas:
A nan kam ina bayanka Kawu. Amma ai ɗaya ba ya hana ɗaya.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Yanzu na auna su a jikin bango, babbar ta wuce 122 da ɗan kaɗan, 'yan biyun ɗaya 103 ɗaya 101 kuma har sun fara faɗa a kan wa ya fi tsayi. Na tura wa maigida duk abin da kuka rubuta ya ce dare ɗaya, kuma ƙanwarsa za ta bi mu. Uwar Gida in mun zama mutum shida a ɗaki ɗaya za su ƙara caji ne ko sai mun kama mai gado hawa biyu?

Uwar Gida:
Ki kira su ki tambaya kafin ki biya, kowane ɗaki da adadin mutanen da aka yarda, kuma awarwaron iya waɗanda aka rubuta ake ba wa. Gado mai hawa biyu kuma babbar ce a sama, 'yan ƙasa da shekara 6 ba a sa su can ko sun yi kuka.

Ɗan Auta:
Wai shikenan ƙanwar maigida ta ƙwace min aiki kenan